Ƙwayar Maganin Tsutsa a Busia: Yadda Aka Bi Sawun Yara Shekara 20 Har Kasuwar Aiki

A farkon shekarar 1998 wasu ma'aikatan lafiya suka shiga makarantun firamare na kudancin gundumar Busia, a yammacin Kenya, suna karɓar bayan gidan yara suna dubawa a madubin likita. Busia tana kan iyakar Kenya da Yuganda, kudancinta kuma ya gangara har bakin Tafkin Biktoriya. Mutanen wurin ƙananan manoma ne da masunta, masu samun na yau da kyar. Awon ya nuna cewa a cikin kowane yaro 100 da aka duba, 92 suna ɗauke da aƙalla iri ɗaya na tsutsar ciki, 37 kuma tsutsar ta yi musu yawan da likita zai kira matsakaici ko mai tsanani.

Da mutum zai tsaya a bakin ajin da safe, ba zai ce ga marasa lafiya ba. Nan wahalar wannan ciwo take. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da yaro, jiki ya ɗau zafi, hankalin uwa ya tashi, a nemo magani ko da bashi ne. Tsutsar ciki ba ta kwantarwa. Yaro zai tashi ya je gona, ya ɗebo ruwa, ya yi wasa, sai dai kullum a gajiye, ciki ya ɗan kumbura, ido ya yi fari, yau ciwon ciki, gobe gudawa, jibi ya ce ba zai iya zuwa makaranta ba. A gida sai a ce lalaci ne, ko a ce haka Allah ya yi shi, ba shi da kuzari. In kuwa duk yaran unguwa haka suke, da wa za a gwada shi har a gane wani abu na cin sa?

Tsutsotsin iri huɗu ne. Biyu ta baki suke shiga: ƙwansu na cikin ƙasar da aka yi bayan gida a kai, ya hau hannu ko abinci. Ta uku mai ƙugiya ce, 'ya'yanta na huda fatar ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi, su bi jini har su isa hanji, su maƙale suna tsotso. Ita ce ta fi yawa a Busia, an same ta a jikin yara 77 cikin 100. Ta huɗu 'yar'uwar tsargiyar da muka sani ce. Tana girma a jikin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta shige fatar mai wanka ko mai su. Ta bakin Tafkin Biktoriya hanji da hanta take kamawa, tamu ta ƙasar Hausa kuwa ta fi kama mafitsara, shi ya sa muke ganin jini a fitsari.

Akwai hali guda da duka huɗun suka yi tarayya a kai, kuma duk wannan labari a kansa ya rataya. Ba sa hayayyafa a cikin jikin mutum. Tsutsa ta yi ƙwai, ƙwan ya fita tare da bayan gida ko fitsari, ya koma ƙasa ko ruwa, daga can ya kama wani. Ke nan yawan tsutsar da ke cikin yaro ya danganta da yawan ƙwan da shi da maƙwabtansa suka zubar a inda suke takawa.

Maganin ba shi da tsada. Albendazol, ƙwaya ɗaya duk wata shida, yana maganin ukun farko. Farazikwantel sau ɗaya a shekara yana maganin tsargiya. Idan a makaranta aka yi rabon gaba ɗaya, an ƙiyasta kuɗin a kan senti 49 na dalar Amurka ga kowane yaro a shekara.

Yadda aka tsara aikin

Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan mai suna ICS ce ta ɗauki nauyin rabon, tare da ofishin ma'aikatar lafiya na gundumar. Makarantu 75 ne, ɗalibai fiye da 30,000. Ƙungiyar ba ta da kuɗi da ma'aikatan da za ta fara ko'ina lokaci guda, dole sai bi da bi. Wannan dolen ce masana tattalin arziki biyu, Michael Kremer da Edward Miguel, suka mayar hanyar bincike. Kremer ba baƙon yankin ba ne, ya taɓa koyarwa a wata makarantar sakandare a yammacin Kenya a tsakiyar shekarun 1980. Miguel kuwa a lokacin yana karatun digirin digirgir a Harvard.

Aka jera sunayen makarantun a takarda, yanki bayan yanki, aka bi su ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku, har aka sami rukuni uku masu makaranta 25 kowanne. Rukunin farko ya fara shan magani a 1998, na biyu a 1999, na uku sai a 2001. Babu wanda aka hana, wani dai ya riga wani.

Me ya sa aka sha wannan wahalar ƙirga? Saboda wata tsohuwar tambaya da ta daɗe tana damun masana. Kowa ya san mai lafiya ya fi samun abin hannu. To amma wanne ya haifi wanne, lafiya ce ta kawo arziki, ko arziki ne ya sayi lafiya? Gidan da ke da masai da takalman yara, shi ne kuma gidan da ke da kuɗin littafi da ɗan'uwa a birni da zai sama wa yaro aiki. In ka ga ɗan gidan nan ya yi gaba, ba ka da hanyar cewa rashin tsutsa ne ya kai shi. Amma idan ƙirga ce ta raba makarantu, ba bakin shugaban makaranta ba, ba kusanci da titi ba, to rukunan uku sun tashi daidai wa daida, abin da ya bambanta su daga baya kuma ana iya jingina shi ga maganin.

Dabara ta biyu ta fi wannan zurfi. Yawancin binciken da aka yi kafin nan, a cikin aji ɗaya ake ba wasu yara magani a bar wasu, sannan a gwada su. Sai a ga bambancin ɗan kaɗan ne, a ce maganin bai tsinana komai ba. Kremer da Miguel suka lura cewa irin wannan awo yana cin kansa. Wanda bai sha ba yana amfana, tunda ƙwan da ke filin makarantar ya ragu, wanda ya sha kuma yana sake kamuwa daga wanda bai sha ba. Don haka a Busia makaranta ɗungurungum ake ba magani ko a jinkirta mata. 'Yan mata masu shekara 13 zuwa sama ne kawai aka cire daga rabon da farko, don gudun kada a ba mai ƙaramin ciki.

Zuwa makaranta ma ba da rajistar malami aka auna shi ba. Ma'aikata ne ke faɗowa ba sanarwa, sau da dama a shekara, su kira suna, su ga wa ke zaune wa ba ya nan.

Shekarun farko

A daidai lokacin da aikin ya fara, aka yi ambaliyar da yanayin El Nino ya jawo, ruwa ya malale ƙauyukan da ke kusa da tafkin. Da aka sake awo a farkon 1999, yara 52 cikin 100 a rukuni na biyu, waɗanda ba su sha magani ba tukuna, suna ɗauke da tsutsa matsakaiciya ko mai tsanani. A rukunin farko 27 ne. Fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, wato a cikin kowane kwana 100 na karatu yaro ya sami ƙarin kimanin kwana bakwai a aji. Da aka yi lissafi, sai aka ga da dala 3.50 ana sayen ƙarin shekara guda ta zaman makaranta, abin da ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sauran dabarun da aka gwada a yankin, irin su rabon kayan makaranta.

Akwai abubuwa biyu da ba su yi ba, kuma masu binciken sun faɗe su a rahotonsu na 2004 a mujallar Econometrica. Sakamakon jarrabawar yaran bai ƙaru ba. Wa'azin tsafta da aka haɗa da rabon, na wanke hannu da sa takalmi da barin wanka a tafki, shi ma bai canza halin yaran ba. Wannan na biyun bai ba ni mamaki ba. Yaron da ba shi da takalmi ba jahilci ne ya hana shi sawa ba, wanda gidansu ke rayuwa da kifi kuma ba za ka raba shi da ruwa da jawabi ba.

Abin da ya ɗaga sunan binciken shi ne albarkacin kaza da ƙadangare ya sha ruwan kasko. Yaran da ba su sha maganin ba amma suna makarantar da aka yi rabo, tsutsarsu ta ragu, zuwansu makaranta ya ƙaru. Haka ma 'yan makarantun da ke cikin tazarar kilomita 3 da inda aka yi rabon, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta je musu ba. Daga baya wani masani, Owen Ozier, ya nemi yaran da suke jarirai a ƙauyukan lokacin rabon, waɗanda ba su kai shekarun makaranta ba balle su sha. Bayan kimanin shekara 10 ya gwada kaifin ƙwaƙwalwarsu, ya tarar sun ɗara takwarorinsu da abin da ya kai karatun rabin shekara ko fiye. Yayyensu ne suka sha magani, tsakar gidan da suke rarrafe a kai ta yi tsabta.

A 2001 aka yi wani gwaji da na fi so kowane mai riƙe da kasafin lafiya ya sani. A wancan zamani ra'ayin da ke tashe a ƙungiyoyin agaji shi ne, abin banza ba a ganin darajarsa, a sa wa talaka ɗan kuɗi kaɗan don aikin ya tsaya da ƙafarsa. Sai aka zaɓi rabin makarantu 50 na rukunin farko da na biyu, aka ce iyaye su biya abin da ya kama kimanin senti 30 ga kowane yaro, wanda bai kai ainihin kuɗin aikin ba. Inda ake bayarwa kyauta yara 75 cikin 100 suka sha. Inda aka sa kuɗi ba su kai 20 ba. Kuma ba a ga alamar cewa gidajen da tsutsa ta fi addaba su ne suka fi biya ba.

Bai kamata a ɗora wa iyayen laifi ba, lissafinsu daidai yake da abin da idonsu ke gani. Uba ya biya, yaro ya sha, bayan wata shida tsutsa ta dawo. Wani kaso na amfanin ya tafi gidan maƙwabci da bai biya ko sisi ba. Ragowar kuma, kamar yadda za a gani, sai bayan shekara 10 ko 20 zai fito. Kayan da mai saye ba ya ganin amfaninsu a hannunsa, kasuwa ba za ta iya rarraba su ba, ko nawa aka karya farashi. Irin wannan aiki na hukuma ne.

Bin sawu

A nan yawancin bincike ke tsayawa: an buga rahoto, kuɗin aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Waɗannan ba su tsaya ba. Suka zaɓi kimanin mutum 7,500 daga yaran da ke aji 2 zuwa 7 a 1998, suka ƙudura bin su har girma.

Duk wanda ya taɓa neman abokin firamare bayan shekara 15 ya san abin da wannan ke nufi. Yarinya ta yi aure an kai ta wani gari, sunan da aka san ta da shi ya canza. Yaro ya tafi Nairobi yana gadi, wani yana Mombasa, wani ya tsallaka Yuganda yana su. Ma'aikacin bincike zai je gidan iyaye, a ce ai sai ka tambayi kawunsa, kawu ya ba da lambar wayar da ta daina aiki, a koma wajen wani aboki. Waɗanda suka faskara, aka riƙa zaɓar wani kaso daga cikinsu ta ƙuri'a a dage a kan nemansu duk inda suke, su tsaya a madadin sauran da suka ɓace. Wannan naci yana da dalili. Idan waɗanda suka zauna a ƙauye kawai aka samu, to an rasa waɗanda suka fita nema, alhali fitar ma tana iya zama ɗaya daga cikin abin da maganin ya haifar. Da wannan hanya, bayan shekara 20, binciken ya riƙe abin da ya kai kashi 84 cikin 100 na mutanensa.

A tuna kuma cewa kowa ya sha maganin daga ƙarshe. Abin da ake gwadawa shi ne bambanci tsakanin waɗanda suka fara da wuri da waɗanda suka makara da shekara biyu zuwa uku.

Zagayen 2007 zuwa 2009 shi ne ya fara kai labarin kasuwar aiki, aka buga shi a 2016 da sunayen Sarah Baird da Joan Hamory Hicks da Kremer da Miguel. Mazan da suka fara shan magani da wuri, awoyin aikinsu a mako sun ɗara na takwarorinsu da kashi 17 cikin 100. Sun fi shiga sana'ar kansu wadda ba noma ba, sun fi samun aikin masana'anta, lokutan da suke tsallake cin abinci kuma sun ragu da sau ɗaya a mako. Matan sun fi shiga sakandare da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ya cike rabin tazarar da ke tsakaninsu da maza. Sun kuma rage lokacin da suke ba noman abinci na gargajiya, suka karkata ga amfanin gona na sayarwa da ƙananan sana'o'i.

Wannan rabuwa tsakanin maza da mata ta cancanci a tsaya a kanta. A wurin da aikin namiji na ƙarfi ne, su da dako da gini da huɗa, ƙarin jini a jiki kai tsaye yake zama ƙarin awa a bakin aiki. Mace kuwa ribarta ta bi ta makaranta. Kasuwar aikin wuri ita ke nuna ta ƙofar da lafiya za ta shiga aljihu.

A 2021 aka buga sakamakon shekara 20, lokacin da yaran 1998 suka zama magidanta da iyaye. Waɗanda suka sami ƙarin shekara biyu zuwa uku na magani, abin da suke kashewa a kan ci da sha da sauran buƙatu ya fi na sauran da kashi 14 cikin 100, abin da suke samu a awa guda ta aiki kuma ya fi da kashi 13. Sun fi zama a birni, sun fi yin aikin da ba na gona ba. Ribar ta fi fitowa a maza da kuma waɗanda suka fi shekaru lokacin rabon. Masu binciken sun ƙiyasta cewa kuɗin da aka zuba ya dawo wa al'umma da ribar kashi 37 cikin 100 a shekara. Tun a rahoton 2016 ma sun nuna cewa harajin da gwamnati za ta samu daga ƙarin aikin mutanen yana iya zarce abin da ta kashe a kan maganin.

Yaƙin tsutsa

Kafin wannan, binciken ya shiga tsaka mai wuya. Kremer da Miguel sun miƙa bayanansu da tsarin lissafinsu na kwamfuta ga wasu masana cututtuka na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, Alexander Aiken da Calum Davey da abokan aikinsu, don su sake bi. A watan Yulin 2015 suka fitar da abin da suka gano, kuma sun gano kurakurai na gaske. Raguwar ƙarancin jini da rahoton 2004 ya ce an gani, da aka gyara lissafi ba ta kai a dogara da ita ba. Sannan wajen ƙirga makarantun da ke kewaye da kowace makaranta har tazarar kilomita 6, kwamfutar tana tsayawa a makarantu 12 mafi kusa, ta bar sauran. Da aka gyara wannan, amfanin da aka ce ya kai tazarar kilomita 3 zuwa 6 ya ɓace. Idan aka haɗa komai yadda aka haɗa da farko, ƙarin zuwa makaranta ya sauko daga 7.5 cikin 100 zuwa 3.9, adadin da ba za a iya bambanta shi da dace ba.

Kremer da Miguel sun amsa kuskurensu, amma suka ce ba haka ake karanta gyaran ba. Adadin kilomita 3 zuwa 6 yana rawa ƙwarai, in ka zuba shi a cikin jimla sai ya dagula sauran da ke tsaye. In aka tsaya a kan makarantar da aka yi rabo da maƙwabtanta na kilomita 3, ƙarin ya kai 8.5. A daidai wannan lokaci ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci, ta sabunta nazarinta a kan gwaje-gwaje da dama, har da wani na yara miliyan 1 a arewacin Indiya, ta ce rabon maganin tsutsa ga kowa da kowa da wuya yana da wani tasiri a kan nauyin jiki ko jini ko karatu. Masana tattalin arziki suka mayar da martani cewa da yawan gwaje-gwajen an yi su ne inda tsutsar ba ta da yawa, kuma in ka ba yara 100 magani alhali 10 ne ke da ciwo, ribar goman za ta narke a cikin ɗarin. Ita kanta Cochrane ta yarda cewa yaron da aka tabbatar yana da tsutsa yana iya amfana da magani. Matsalar ita ce awon bayan gida ya ninka kuɗin ƙwayar sau da yawa, shi ya sa ake ba kowa. 'Yan jarida suka laƙaba wa rigimar suna yaƙin tsutsa.

Ga inda na tsaya. Masu suka suna da hujjar da ba za a ture ba. Ciwon Busia a 1998 da 1999 ya yi tsanani fiye da na yawancin wurare, ga ambaliya ta ƙara masa, don haka ba daidai ba ne a ɗauki kashi 13 a ce haka za a samu ko'ina. Adadin kuɗin shiga kansa yana da faɗin rawa, domin auna abin da mai su ko mai tireda ke samu ba abu ne mai sauƙi ba. Akwai kuma giɓi a tsakiyar labarin: jarrabawa ba ta gyaru ba a farko, jikin yaran bai nuna wani babban canji ba, amma ga riba bayan shekara 20. Mai hankali yana da ikon tambayar ta ina ta biyo.

Duk da haka nauyin hujja a wurina ya rinjaya ga ci gaba da rabon inda tsutsar ta yi yawa. An koma wajen mutanen nan zagaye bayan zagaye, kibiyar tana nuna gefe guda. Akwai kuma shaida daga wani wuri da wani zamani. A 1909 attajirin nan John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 don yaƙi da tsutsa mai ƙugiya a jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda aka tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan makaranta suna ɗauke da ita. Wani masanin tattalin arziki, Hoyt Bleakley, ya bi bayanan ƙidayar jama'a, ya nuna cewa yankunan da ciwon ya fi yawa su ne suka fi samun ƙarin zuwa makaranta da iya karatu bayan aikin, yaran kuma suka fi samun kuɗi da suka girma. Sannan a auna kuskure biyu. In aka raba maganin ya zamana ribarsa kaɗan ce, an yi asarar abin da bai kai dala guda ba a kan kowane yaro, an kuma raba shi da tsutsar da ke cikinsa. In aka daina ya zamana Busia gaskiya ta faɗa, ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da ta faɗa, asarar ta bi mutum har ƙarshen ƙarfinsa.

Hukumomi dai sun bi wannan hanya. Kenya ta yi rabon ƙasa a 2009, ya kai ga yara miliyan 3.6. Indiya ta ware ranar shan maganin tsutsa ta ƙasa tun daga watan Fabrairun 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017 ta sake tabbatar da shawarar a yi rabo sau ɗaya a shekara inda yara 20 cikin 100 ke ɗauke da tsutsotsin nan uku da ake ɗauka daga ƙasa, sau biyu inda suka haura 50. Kremer kuma ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, saboda irin wannan hanya ta gwaji.

Inda labarin ya taɓa mu

Muna yara, in damina ta cika kududdufin bayan gari, nan muke wuni. Bayan 'yan watanni sai ka ga yaro ya tsuguna fitsari, ɗigon ƙarshe ya fito ja. Babu mai kai shi asibiti. Wasunmu ma alfahari suke yi, wai alamar zama namiji ce. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya, kuma tun shekarun 1970 masu bincike suka yi aiki a kanta a yankin Malumfashi. Duk inda aka yi dam aka ja ruwa don noman rani, an yi wa dodon koɗi gida a bakin gonar da yara ke dashen shinkafa.

Dangantakar lafiya da aiki ma an auna ta a ƙasarmu. Wasu masu bincike, Andrew Dillon da Jed Friedman da Pieter Serneels, sun yi gwaji a wata babbar gonar rake a Najeriya, inda ake biyan leburori gwargwadon abin da suka sara. Da aka kawo musu awon zazzaɓin cizon sauro da magani a bakin aiki, abin da suke samu ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a makonnin da suka biyo. Wannan riba ce da mai gona da lebura za su gani kafin wata ya ƙare. Ta tsutsa ba ta da wannan gata, gwamnan da ya biya kuɗin rabon ya daɗe da sauka kafin ta fito.

Ƙwayoyin kansu kyauta suke zuwa ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya: kamfanin GSK na ba da albendazol, Merck na Jamus na ba da farazikwantel. Abin da ya rage wa jiha shi ne kai su bakin yaro. A nan ne tsarin Busia ba zai dace da mu ba in aka kwafo shi yadda yake. Arahar aikin ta samo asali ne daga cewa yaran suna taruwa a makaranta kuma akwai malamin da ya san sunansu. A arewacin Najeriya miliyoyin yara ba sa cikin rajistar makarantar boko, kuma su ne suka fi zama cikin ruwan: ɗan kiwo mai shayar da shanu, yarinya mai wanki a bakin rafi, almajiri mai wanka a kududdufi. Albarkacin maƙwabtaka zai ɗan taɓa su, amma muddin suna zuba ƙwai a ruwan da kowa ke shiga, 'yan bokon ma za su sake kamuwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta a kan tsargiya: inda mutum 10 cikin 100 ke da ita, a ba kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama, har da manya.

Tsangaya da islamiyya suna da abin da aikin ke buƙata, wato wurin taruwa da malamin da yara ke jin maganarsa. Rabon farazikwantel ba ya buƙatar sikeli. Sanda ce mai zane-zane ake jinginawa a bango, yaro ya tsaya, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: ƙwayar tana da ɗaci, kuma a cikin da babu komai tana sa jiri da amai, in kuwa yara uku suka yi amai a gaban jama'a, gobe babu uban da zai bar ɗansa ya karɓa. Ɗan makarantar boko ana iya aika wa gidansu a ce ya karya kumallo kafin ya zo. Almajirin da ya tashi karatun asuba bai fita neman abinci ba tukuna, cikinsa wayam yake. Duk mai tsara rabo a tsangaya sai ya zauna da alaramma tun kafin ranar, a sa lokacin bayan yara sun ci, ko kuma a sa kuɗin koko da ƙosai a cikin kasafin aikin.